Otal ɗin Baron na Halab: yadda masaukin sarakuna ya koma na masu ƙaramin guzuri

A shekarun da suka gabaci yaƙin Siriya, matafiyin da ya sauka birnin Halab, wanda gidajen rediyo ke kira Aleppo, yakan tarar da wata garaɓasa da ba a cika samun irinta ba. Da 'yan gomiyoyin daloli zai karɓi mabuɗin ɗakin da sarakuna da janar-janar suka taɓa kwana, a wani ginin dutse mai hawa uku da ke bakin titin Baron, yamma kaɗan da hasumiyar agogon Bab al-Faraj. Ɗakin faɗi gare shi, rufinsa ya yi nisa da ƙasa kamar na zauren fada. Sai dai katifa ta lotsa, famfon banɗaki sai ya yi tari kafin ya ba da ruwa, ruwan zafi kuwa sai an dace. A zauren ƙasa kujerun fata sun tsattsage, hotunan tallan jiragen ƙasa da na sama da suka daɗe da daina aiki suna nan manne a bango, sun koɗe. A cikin wani akwatin gilashi kuma ga takardar lissafin kuɗi da sunan T. E. Lawrence, wadda masu otal ɗin ke cewa har ya mutu bai biya ba.

Wannan arha ba alherin masu gida ba ce, ba kuma sakacinsu kaɗai ya jawo ta ba. Farashin ɗaki a Baron ya sauko ne mataki-mataki, kuma kowane mataki yana da shekararsa da dalilinsa: iyaka da aka shata, jirgi da ya daina zuwa, gwamnati da ta sauya, kogi da ya ƙafe. Wanda ya bi sawun waɗanda suka kwana a gidan daga 1911 zuwa 2016 ya karanta tarihin Halab na ƙarni guda.

Kafin a san otal a Halab, baƙo a khan yake sauka. Birnin yana zaune ne tsakanin Bahar Rum da kogin Furatu, don haka ayarin da ya taso daga Basara ko Bagadaza ko ƙasar Farisa a nan yake sauke alharini da kayan yaji, a sake ɗaure su zuwa tashar jiragen ruwa ta Iskandaruna. 'Yan kasuwar Banis sun kafa ofishin jakadancinsu a birnin a 1548, Ingilishi da Faransawa suka biyo baya, suka zauna a Khan al-Jumruk da aka gina a 1574. Tsarin khan ɗaya ne ko'ina: ƙofa guda mai ƙarfi da ake kullewa da dare, tsakar gida mai faɗi, ɗakunan ƙasa na kaya da dabbobi, na sama na mutane. Bahaushen da ya san zangon fatake, ya san mai masaukin da ke saukar da baƙo ya adana masa kaya ya nemo masa mai saye, ba zai yi baƙunta a nan ba. Abin da khan ke sayarwa shi ne tsaro da kusanci da kasuwa. Shimfiɗa da girki kuwa kowa tasa ta fisshe shi.

Buɗe mashigin Suwez a 1869 ya karkatar da kayan Indiya zuwa teku, ayarin hamada ya ja baya. Amma a daidai lokacin wasu irin baƙi suka fara yawa: masu ziyarar Birnin Ƙudus, 'yan mishan, injiniyoyi, dillalan kamfanonin Turai, da masu tonon kayan tarihi. Waɗannan ba su zo da raƙuma ba, ba su kuma zo da tabarma ba. Gado suke nema da zanin gado wankakke da abinci a kan tebur.

Wanda ya fara lura da wannan giɓi wani Ba'armeniye ne mai suna Kirikor Mazlumiyan, daga yankin Arabkir a gabashin Anatoliya. Ya ratsa Halab a ƙarshen ƙarni na 19 a kan hanyarsa ta ziyarar Ƙudus, ya ga yadda Turawa ke shan wahala a khan, sai ya dawo ya buɗe ƙaramin otal ya sa masa suna Ararat. 'Ya'yansa biyu, Onnik da Armenak, su suka faɗaɗa sana'ar. Sunan da gidan ya yi fice da shi ma daga bakin ma'aikata ya fito. A harshen Armeniyawa baron kalmar girmamawa ce da ake kiran namiji da ita, kamar a ce malam ko maigida. Baƙin Turai da suka ji ana ta ce wa masu gidan baron, suka ɗauka sarauta ce irin ta ƙasarsu, suna kuwa ya bi gidan.

'Yan'uwan sun yi lissafinsu ne a kan layin dogo. A 1906 layin da kamfanin Faransa ya shimfiɗa daga kudu ta Hama ya iso Halab. A 1912 kuma layin Bagadaza, babban burin Jamus da Daular Usmaniyya ta Turkiyya na haɗa Santambul da Tekun Fasha, ya shigo birnin. Tsakanin waɗannan shekaru biyu suka ɗora harsashi: hawa na farko a 1909, na biyu a 1911. Ba cikin tsohon birni suka gina ba, inda lunguna suka matse, sai a bayan ganuwa, cikin lambuna, kusa da kogin Kuwaiƙ. Wurin ya kasance bayan gari ƙwarai, har ana ba da labarin baƙi na harbin agwagin fadama daga barandar otal ɗin. Wanda ya tsaya a wannan baranda bayan shekara tamanin, hayaƙin bas yana shiga masa hanci, da wuya ya gaskata.

Lawrence yana cikin baƙin farko. A lokacin ba kowa ba ne, saurayi ne da ya gama jami'ar Oxford, yana aikin tono a kufan Karkamish a bakin Furatu daga 1911 zuwa 1914, tare da Leonard Woolley. Kusa da inda suke tono injiniyoyin Jamus na gina gadar jirgin Bagadaza, kowane ɓangare yana sa wa ɗaya ido. Idan suka shigo Halab sayayya ko karɓar wasiƙu, a Baron sukan haɗu a tebur guda. Takardar kuɗin nan daga wannan zamani take. Da ya biya ya tafi da ita, da babu wanda zai tuna. Bashin ya jawo wa gidan baƙi na tsawon shekaru fiye da abin da kuɗin zai taɓa saya.

Shekara huɗu kacal da kammala hawa na biyu, gidan ya shiga babin da ya fi kowane nauyi a tarihinsa. A watan Afrilun 1915 gwamnatin Santambul ta kama manyan Armeniyawa, sannan aka fara kwashe al'ummar daga garuruwansu na Anatoliya ana kora su kudu, a ƙasa da cikin taragun dabbobi. Halab ce mararrabar. Daga nan ake tura waɗanda suka rayu zuwa sansanonin bakin Furatu, Maskana da Raƙƙa da Dairuz Zur, inda yunwa da cuta da takobi suka ƙarasa mafi yawansu. Masana tarihi da ƙasashe da dama suna kiran abin kisan ƙare dangi, Turkiyya kuwa har yau ba ta amince da sunan ba. Gwamnan Halab na lokacin, Jalal Bey, ya ƙi ba da hannu, aka ɗauke shi daga kujerar. Ƙaramin jakadan Amurka a birnin, Jesse Jackson, ya yi ta aika rahoton abin da idonsa ke gani.

A cikin wannan hali otal mafi kyau a birnin na Armeniyawa ne, kuma a cikinsa hafsoshin Turkiyya da na Jamus ke sauka. Jamal Fasha, kwamandan Runduna ta Huɗu kuma ɗaya daga cikin mutum uku da ke juya daular, a nan yake kwana idan ya zo, a nan ake shirya masa liyafa. Ke nan Mazlumiyan suna zuba wa mutumin abinci a bene, danginsu na wucewa a ƙafa ta bayan gari. Abin da suka yi da wannan kusanci shi ne roƙo: a sassauta wa wane, a bar wance a Halab, a rubuta wannan a cikin ma'aikata. Sun ɓoye mutane, cikinsu har da ɗan jarida Aram Andoniyan, wanda ya tsere daga sansani, daga baya kuma ya wallafa shaidun da ya tattara a kan kisan. Kusancin bai zame musu garkuwa har ƙarshe ba. Da umurnin korarsu ya zo, abin da alfarmar Jamal ta iya shi ne sauya musu alƙibla: maimakon hamada, aka tura su Zahla a tsaunukan Labanan.

Yana da sauƙi a zauna a inuwa a yanke wa irin wannan zama hukunci. Mai otal ba ya zaɓen baƙo, balle baƙon da ya zo da runduna. Abin da za a iya aunawa shi ne abin da mutum ya yi da 'yar ƙofar da ta rage masa a buɗe, kuma akwai iyalai a Halab da Bairut da suka san ta wannan ƙofa kakanninsu suka tsira.

A watan Oktoban 1918 rundunar Turkiyya tana ja da baya, kwamandan Runduna ta Bakwai, Mustafa Kamal, ya yada zango a Baron kafin dakarun Larabawa da na Birtaniya su shiga birnin a ƙarshen watan. Bayan 'yan kwanaki aka sa hannu a yarjejeniyar tsagaita wuta. Sai Faisal ɗan Sharif Husaini na Makka ya zo, ya yi wa jama'a jawabi daga barandar ɗaki mai lamba 215. Labarin gidan yana cewa a nan ya shelanta 'yancin Siriya. Shelar hukuma dai a Dimashƙa aka yi ta, a watan Maris na 1920, kuma mulkin bai yi wata biyar ba: a watan Yuli sojojin Faransa suka murƙushe nasa a Maisalun. Titin da ke gaban otal ɗin aka sa masa sunan Janar Gouraud, wanda ya kori Faisal.

Daga nan sa'ar birnin da ta otal ɗin suka raba hanya na ɗan lokaci. Yarjejeniyar Ankara ta 1921 ta mai da layin dogon Bagadaza kansa iyaka tsakanin Turkiyya da Siriya na ɗaruruwan kilomita. Garuruwan da suka saba cin kasuwar Halab, Antab da Mar'ash da Urfa, suka koma wata ƙasa. Mausil ta faɗa Iraƙi. A 1939 Faransa ta bar wa Turkiyya yankin Iskandaruna, birnin ya rasa tashar ruwansa. Dimashƙa ce ta zama fadar mulki. Birnin da ya rayu da kasancewa tsakiyar hanya ya wayi gari a bakin iyaka.

Otal ɗin kuwa a waɗannan shekaru ya yi tashensa. A 1930 kamfanin taragun barci na Wagons-Lits ya fara gudanar da jirgin Taurus Express daga tashar Haidar Fasha, a gefen Asiya na Santambul. Mai kuɗi zai hau jirgi a Landan ko Faris, ya sauka Santambul, ya ƙetare ruwa, ya hau Taurus zuwa Halab, daga nan ko ya nufi Bagadaza ko ya gangara Alƙahira, yana cike gurbin da dogo bai kai ba da mota. Duk wanda zai yi wannan tafiya sai ya ratsa Halab, kuma a Halab gida ɗaya ne ya dace da aljihunsa. Agatha Christie tana cikinsu. Mijinta Max Mallowan yana tono a arewa maso gabashin Siriya, a Shagar Bazar da Tal Barak, a tsakiyar shekarun 1930, su biyun sukan huta a Baron. Littafinta Murder on the Orient Express, wanda ya fito a 1934, a tashar jirgin Halab yake buɗewa. Baron na cewa a ɗaki na 203 ta fara rubuta shi. Otal ɗin Pera Palace na Santambul shi ma yana nuna wa baƙi ɗaki na 411 da irin wannan da'awa. Ba mamaki kowanne yana da ɗan rabonsa na gaskiya, tunda matar ba ta rabuwa da rubutu a hanya. A 1940 aka ɗora hawa na uku, a shekarar da dogo ya haɗe har Bagadaza babu yankewa.

Ba wanda ya sani a lokacin cewa wannan ne gini na ƙarshe da za a ƙara. Manyan baƙi sun ci gaba da zuwa: Charles de Gaulle a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Jamal Abdul Nasir bayan haɗewar Masar da Siriya a 1958, wanda shi ma ya yi wa taro jawabi daga gidan, sannan Hafiz al-Asad da Shaikh Zayid na Abu Dhabi da attajirin Amurka David Rockefeller. Da Faransawa suka fita a 1946, hukuma ta goge sunan Gouraud ta sa wa titin sunan otal ɗin. Girma ya kai girma. Amma ƙasar da ginin ke tsaye a kai ta fara zaizayewa.

Jirgin sama ne ya fara cin ta. Bayan yaƙi, mai zuwa Bagadaza ko Indiya ya daina buƙatar kwana a hanya, wanda ya tsaya kuwa a Bairut yake tsayawa. Jirgin ƙasa na alfarma ya rage wa masu sha'awa, har aka dakatar da wanda ke tafiya kai tsaye daga Faris zuwa Santambul a 1977. Siyasa ta biyo baya. A zamanin haɗaka da Masar, sannan bayan jam'iyyar Ba'as ta karɓi mulki a 1963, gwamnati ta ƙwace bankuna da manyan masana'antu, musamman a 1961 da 1965. Attajiran Halab, masu masaƙu da dillalan auduga waɗanda ke cika ɗakin cin abincin Baron da bukukuwa, da yawansu suka kwashe abin da za su iya suka koma Bairut da Turai. Armeniyawan birnin ma suka yi ta raguwa, wasu zuwa Armeniya ta Tarayyar Sobiyet tun 1946, wasu Labanan da Amurka da Kanada. Rikicin gwamnati da 'Yan'uwa Musulmi a 1979 da 1980 ya jefa birnin cikin dokar soja, baƙi suka ɗauke ƙafa. Ko kogin Kuwaiƙ ya ƙafe tun ƙarshen shekarun 1960, saboda noman rani a ɓangaren Turkiyya. Lambunan da ke kewaye suka zama benaye, titin ya cika da gidajen silima da ofisoshin kamfanonin jiragen sama da shagunan sayar da tikiti.

A nan ne ya kamata a tsaya a duba yadda tsohon otal ke zama mai arha, domin abin yana da tsari. Ma'aunin da ake saka wa otal farashi ya canza. A 1911 alfarma ita ce faɗin ɗaki da tsawon rufi da kaurin bango mai tare zafi da yawan masu hidima. A 1980 alfarma ta koma na'urar sanyaya ɗaki da talabijin da lif da ruwan zafi a kowane lokaci. Gini mai bangon dutse ba ya karɓar sababbin bututu da wayoyi sai an fasa shi, kuma fasawar kuɗi take ci masu yawa. Kuɗin ba za su fito daga haya ba, tunda hayar ta faɗi saboda rashin gyaran. Sai abu ya zama zobe: ba gyara, ba farashi, ba farashi, ba gyara. 'Yan kasuwa da tawagogin gwamnati suka koma sababbin otal-otal, ƙarshensu Sheraton da aka buɗe a 2007 'yan taku kaɗan daga Bab al-Faraj. Masu neman tsohon yayi da kuɗi a hannu kuma suka sami gidajen attajiran da aka gyara a unguwar Judaida, masu tsakar gida da maɓuɓɓugar ruwa da banɗaki na zamani.

Tsaran Baron a wasu ƙasashe sun bi wasu hanyoyi. Shepheard na Alƙahira wuta ta cinye shi a tarzomar Janairun 1952. Raffles na Singafo an rufe shi an sabunta, aka buɗe a 1991. Pera Palace ma haka, a 2010. Waɗanda aka gyara sun dawo da ƙyalli, amma ɗalibi mai jaka a baya sai dai ya leƙa zaure ya fita. Baron bai ƙone ba, bai kuma sami mai zuba masa jari ba, ya tsaya a hannun iyali guda da ba su da ƙarfin sabunta shi, ba su kuma da zuciyar rabuwa da shi. Rashin kuɗi ne ya adana allon haɗa wayar tarho da tayil ɗin zaure da teburin mashaya kamar yadda suke. Da an sami kuɗi a 1975, da an rufe rufin nan da silin na roba.

Kirikor ɗan Armenak, wanda kowa ke kira Koko, shi ya riƙe gidan a waɗannan shekaru tare da matarsa Sally, ma'aikaciyar jinya Ba'ingiliya da aiki ya kawo Halab. Bayansa ɗansu Armen ya gada. A zamaninsu haja ta canza ba tare da an sanar ba. Marubutan tafiye-tafiye, irin su Charles Glass da ya zo a ƙarshen shekarun 1980 da William Dalrymple a 1994, sun sauka a nan sun rubuta, kuma abin da ya ja hankalinsu shi ne tsufan da hirar masu gidan. Littattafan jagoran matafiya irin na Lonely Planet suka ɗauka. Lalacewar da ta kori baƙi na da ita ce ta zama abin da sababbi ke zuwa gani.

Sababbin baƙin nan mafi yawansu matasa ne daga Turai da Ostireliya da Japan, masu bin hanyar ƙasa daga Santambul zuwa Alƙahira a bas. Sukan shigo ta Antakiya, su kwana biyu ko uku a Halab, su wuce Hama da Tadmur da Dimashƙa. A lokacin Siriya tana cikin ƙasashe mafi arha a yankin, tsohon birnin Halab kuma yana cikin jerin kayan tarihin duniya na UNESCO tun 1986. Gaskiyar magana, ga mai ƙirga kowace lira Baron ma tsada ne. Irin waɗannan a ƙananan masaukai suke kwana, a lungunan bayan agogon Bab al-Faraj, tsakanin masu faci da masu kayan gyaran mota. Da yamma sai su wanke ƙafa su zo Baron, su sayi abin sha guda su yi awa biyu a kai a baranda. Wanda ya ɗan tara kuma yakan ware dare ɗaya, ya roƙi a ba shi 202 na Lawrence ko 203 ko 201 na Mustafa Kamal, ya kwana a kan katifar da ta fi ta jiya muni a kan kuɗin da ya ninka na jiya.

Ba wauta ba ce. A gidan tarihi igiya ake ja tsakanin mutum da kujera, a Baron kuwa zama yake a kanta, ya buɗe tagar, ya ja labulen. Da wuya a sami wata hanya da mai ƙaramin ƙarfi zai taɓa tarihi da hannunsa haka. Sai dai cinikin yana da ɓangaren da baƙo ba ya gani. Famfo mai tari labari ne mai daɗi ga wanda zai tafi gobe, ga wanda zai nemo kuɗin mai gyara kuwa ciwon kai ne na kullum. Baƙon yana fatan kada a taɓa komai, mai gida yana duban rufin da ke yoyo. Akwai kuma zaɓen abin tunawa. Sunayen da ke jan mutane na Turawa ne biyu, ɗan leƙen asiri da marubuciyar labaran kisa, waɗanda suka kwana suka wuce. Labarin 1915, wanda shi ne ainihin abin da gidan ya gani kuma ya yi, ba ya cikin akwatin gilashi. Sai wanda ya zauna da masu gidan ya yi tambaya yake jin sa. Kuma inda labari ya zama shi kaɗai ne jari, yakan yi ƙiba: jawabi ya zama shelar 'yanci, 'yan shafuka su zama littafi guda.

Shekarun 2000 sun kawo ɗan sauƙi. Masu yawon buɗe ido sun ƙaru a Siriya, dangantaka da Turkiyya ta yi kyau har aka soke biza tsakanin ƙasashen a 2009, an ma sake sako ruwa a Kuwaiƙ daga Furatu. Zanga-zangar 2011 ta tsayar da baƙi cak. A watan Yulin 2012 yaƙi ya shigo Halab kanta, birnin ya rabu biyu, gabas a hannun 'yan tawaye, yamma a hannun gwamnati. A watan Satumba wuta ta ci babbar kasuwar rufi da khan-khan ɗinta. A Afrilun 2013 hasumiyar Babban Masallaci, wadda ta tsaya tun ƙarni na 11, ta zube. A watan Mayun 2014 aka haƙa rami ƙarƙashin otal ɗin Carlton da ke fuskantar ganuwar fada, inda sojoji suka yi sansani, aka tashe shi da nakiya.

Baron ya faɗo a ɓangaren gwamnati, kusa da layin daga na unguwar Bustan al-Ƙasar. Ɓaraguzan rokoki sun fasa tagogi sun huda rufi, wuta da ruwa suka zama sai an ga dama. Armen Mazlumiyan bai tafi ba, ko da yake da yawa daga Armeniyawan birnin sun nufi Bairut da Yerevan. 'Yan jaridar da suka kai gare shi a 2014 sun tarar da shi ba lafiya, yana zaune a gidan babu baƙo mai biya ko ɗaya, ɗakunan kuma iyalai ne a ciki, waɗanda yaƙi ya kora daga unguwanninsu da ƙauyukansu. Shekara 99 bayan kakanninsa sun ɓoye 'yan gudun hijira a ginin, wasu sun sake cika shi, wannan karon ba a ɓoye ba.

Armen ya rasu a watan Janairun 2016, wata goma sha ɗaya kafin sojojin gwamnati su karɓe gabashin birnin. Matarsa ce ta ci gaba da riƙe mabuɗan.